Me yasa 'yan IT basu da magani sai kashe ka kunna?

Ɗan'uwa tambaya biyu ka haɗe a wuri ɗaya. Ta farko wai shin rubuta manhaja injiniyanci ne na gaske irin na masu gina gada da ƙera jirgi, ko kuwa suna ne kawai muka ɗora wa kanmu. Ta biyu kuma, wadda naga ita tafi ci maka rai, me yasa 'yan IT ɗin ofis ɗinku, wato masu kula da kwamfutocin wurin, duk matsalar da ka kai musu sai suce ka kashe ka kunna, in bata gyaru ba suce kawo ayi fomat, wato a goge komai a sake zuba mata Windows, sannan kuma sun hana ka admin, wato cikakken izinin saka abu ko canza saiti, alhali kana koyon kod kana buƙatar saka kayan aiki a kwamfutar. Na daɗe ina rubuta manhaja, kuma na zauna kusa da masu ɗaukar kiran nan naga yadda yininsu yake tafiya, to zan amsa maka amma ka sani tun yanzu ba a komai zan goya maka baya ba.

Farko dai ka cire a ranka cewa sana'a ɗaya ce. Wanda ya zana injin mota daban, bakaniken da ke kwance a ƙarƙashinta da sifana daban, duk da cewa dukkansu da mota suke cin abinci. Mai rubuta manhaja zai iya shekara goma yana aiki bai taɓa haɗa firinta da netwok ba, kuma wallahi na san manyan masu kod waɗanda in Outlook ɗinsu yaƙi buɗewa sai dai su ɗauki waya su kira IT kamar kowa. Shi kuma ɗan IT zai iya sanin Active Directory, tsarin da ke riƙe da akawun da izinin ma'aikata, ciki da bai, ya san wane izini ne ya hana ka shiga wane folda, amma bai taɓa rubuta layi goma na yaren kod na Python ba kuma hakan ba gazawa bace a wurinsa. Matsalar ita ce mutanen waje basu ga bambanci, duk wanda ya zauna gaban kwamfuta a wurinsu "ɗan kwamfuta" ne.

Batun ko injiniyanci ne, gaskiyar magana ita ce wani sashe nasa injiniyanci ne, mafi yawansa kuma har yau bai kai ba. A watan Oktoban 1968 ƙungiyar NATO ta tara masana sama da 50 a garin Garmisch na Jamus saboda abin ya ishi kowa, manyan ayyukan manhaja suna wuce lokaci, suna cinye kuɗi ninki-ninki, in an gama kuma basa aiki yadda aka yi alkawari. Abin da suke nema shi ne a ringa gina manhaja da tsari da ƙa'ida irin na sauran injiniyoyi, wato buri ne suka sa a gaba, ba wai sun tarar ana yi bane. Yau sama da shekara 50 kenan kuma burin nan bai gama cika ba. A Amurka jihar Texas ta fara bawa masu manhaja lasisin injiniya tun 1998, daga baya aka fito da jarabawar lasisi ta ƙasa a 2013, amma ka san me ya faru? bayan 2019 aka dakatar da ita saboda masu zuwa su rubuta basu taka kara sun karya ba. Babu kamfanin da yake tambayarka lasisi kafin ya baka aiki, to wa zai wahalar da kansa. Injiniyan gini in ya sa hannu akan zane ginin ya rufta, sunansa za'a nema, za'a iya ƙwace lasisinsa har a kai shi kotu. Mu kuwa sai mu rubuto maka doguwar yarjejeniya ka danna "na yarda" baka karanta ba, a ciki an rubuta cewa duk abin da ya same ka babu ruwanmu.

Amma akwai inda ake yin abin da gaske fa. Manhajar da ke cikin jirgin sama akwai ƙa'idar da ake kira DO-178C, duk buƙatar da aka rubuta sai an nuna wane kod ne ya cika ta da wane gwaji ne ya tabbatar da ita, kuma iya haɗarin da ke tattare da ɓangaren iya tsananin binciken. Na'urorin asibiti ma suna da tasu. Aiki ne mai tsada mai jan lokaci, shi yasa ba wanda zai bi wannan hanyar don ya rubuta manhajar odar kaya ko ta lissafin hutun ma'aikata, kuma ni banga laifinsu ba, ba kowace manhaja ce ke riƙe da ran mutum ba.

To menene ainihin abin da ya raba injiniya da mai kame-kame? Ni a nawa ganin ba digiri bane ba kuma yawan yarukan kod da ka iya ba. Hali ne guda ɗaya, in abu ya lalace baka barinsa sai ka san dalili, ka rubuta dalilin inda wani zai gani, sannan ka canza wani abu don kar ya sake faruwa. Wannan halin shi ne yake ɓacewa a wurin 'yan IT ɗin da kake kuka dasu, kuma shi ne dai yake ɓacewa a wurinmu masu kod, don haka kar ka ɗauka gidanmu a share yake.

Bari in baka labarin Therac-25 don shi ake koyar wa ɗalibai a jami'a. Injin gasa ciwon daji ne da wani kamfanin Kanada mai suna AECL ya ƙera, tsakanin 1985 zuwa 1987 aƙalla sau 6 yana zuba wa marasa lafiya radiyeshan fiye da ƙima nesa ba kusa ba, wasu sun mutu. Injinan da suka gabace shi suna da makullai na ƙarfe da wuta da zasu hana hakan ko da manhaja tayi kuskure, a wannan sai aka cire su aka dogara da manhaja kaɗai. A wani asibiti a garin Tyler na Texas a 1986, ma'aikaciyar da ke sarrafa injin hannunta ya saba sosai, sai ta danna X na X-ray bisa kuskure, ta koma sama da sauri ta gyara zuwa E na elektron, duk cikin abin da bai wuce daƙiƙa 8 ba, ashe in kayi gyaran da irin wannan saurin sikirin zai nuna maka daidai amma cikin injin bai gama juyawa ba. Abin da ya fito a sikirin kawai "Malfunction 54", ba bayani ba komai, kuma dama injin ya saba fitar da irin waɗannan saƙonnin kullum har sun daina razana kowa, sai ta danna cigaba. Mara lafiyan yace yaji kamar an ƙona shi. Da aka tuntuɓi kamfanin sai sukace wai bazai yiwu injin ya wuce ƙima ba. Sai da abin ya sake faruwa a asibitin sannan masanin fiziks ɗin wurin ya zauna da ma'aikaciyar suna ta maimaita dannawar da sauri har suka kama ta da idonsu. Ka lura da kyau, wanda abin ya faru a jikinsa ya faɗi gaskiya tun ranar farko, masu ilimin ne sukaƙi yarda dashi.

Yanzu mu dawo kan 'yan IT ɗinku. Kashe ka kunna ɗinnan da kake raina wa, wallahi ba jahilci bane, kuma yawancin lokaci laifinmu ne masu kod da yasa yake aiki. Manhaja tana daɗewa a kunne tana tara datti, ta karɓi memori bata mayar ba, ta buɗe fayil ta manta bata rufe ba, wani ƙidaya a cikinta yayi ta hawa har ya cika ya juye. Da ka kashe ka kunna duk wannan ya share an koma farko. Ba a kwamfutar ofis kaɗai ba fa. Ranar 25 ga Fabrairun 1991 a Dhahran ta Saudiyya na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta kasa tare wani makami mai linzami na Scud, sojojin Amurka 28 suka mutu, dalili kuwa na'urar ta kai wajen awa 100 a kunne, agogonta ya ɗan zame da kusan sulusin daƙiƙa saboda yadda aka rubuta lissafin lokacin, da ana kashewa ana kunnawa akai-akai da zamewar bata taru haka ba. A 2015 ma hukumar jiragen sama ta Amurka ta gargaɗi masu Boeing 787 kar su bar wutar jirgin a kunne ta kai kwana 248 a jere, don akwai wani ƙidaya da zai cika ya kashe janaretocin. To in jirgin sama ma ana ce masa kashe ka kunna kaga ɗan IT ɗinku bai yi saɓo ba. Wani ƙarin abu da mutane da yawa basu sani ba, tun daga Windows 8 akwai Fast Startup, in ka danna Shut down ba gaba ɗaya take mutuwa ba, tana ajiye zuciyar tsarin ne a faifai ta ɗauko ta in ka kunna, Restart ne yake sabunta komai. Shi yasa mutum zai rantse maka kullum yana kashe kwamfutarsa, ɗan IT ya buɗe Task Manager, inda Windows ke nuna abin da ke gudana a kwamfutar, yaga ta nuna sati uku a kunne, kowa a cikinsu gaskiya yake faɗa.

Inda na yarda da kai shi ne abin da ke biyo baya. In an kashe an kunna abu ya gyaru, gobe ya dawo, jibi ya dawo, kuma har yanzu amsar bata canza ba, to wannan kam lalaci ne ko rashin sani. Fomat kuwa ya fi muni, don shi fomat goge shaida ne. Duk log ɗin, wato bayanan da kwamfutar ke rubutawa da kanta, da zai gaya maka me ya faru ka share shi da hannunka, ka kuma cinye wa mutum yini guda yana mayar da kayansa. Na taɓa ganin wannan a wani wurin da nayi aiki, wata ma'aikaciya a ɓangaren akawu kwamfutarta kusan duk safiyar Litinin sai taƙi barinta ta shiga foldojin ofis, burauza kuma tayi ta kukan cewa shafukan basu da tsaro. Aka yi mata fomat, sati ya zagayo abin ya dawo, aka sake yi, har an fara maganar a saya mata sabuwa. Wata rana wani yaro sabon ɗauka a IT ɗin yazo, bai taɓa komai ba ya tsaya a bayanta yace Hajiya kunna in gani, ta kunna, idonsa ya sauka can ƙasan sikirin ta hannun dama inda agogo yake, kwanan watan ya koma shekarun baya. Ashe ɗan ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon kwamfutar, CR2032, shi ne ya mutu, ana cire wutar ofis ƙarshen mako sai agogon ya manta ranar. Shi kuma Kerberos da Windows ke tantance mutane dashi a netwok ɗin ofis, a ƙa'idarsa in agogonka ya saɓa da na saba, wato babbar kwamfutar ofis, fiye da minti 5 bazai yarda da kai ba, satifiket ɗin shafuka ma duk da kwanan wata suke aiki. Ya canza batiri shikenan. Ba wani ilimi mai zurfi yaron ya fi sauran dashi ba, tsayawa yayi ya kalla, ya kuma tambayi me yasa sai Litinin.

To me yasa sauran basa tsayawa su kalla? Anan ne nake ganin ku masu ƙorafi kuna barin jaki kuna dukan taiki. Yawancin manyan wurare suna bin wani tsari da ya samo asali daga gwamnatin Burtaniya a shekarun 1980, ITIL ake ce masa, kuma galibi sai kaga an jera masu taimakon hawa-hawa. Wanda ya ɗauki kiranka yana hawa na farko, an bashi takardar tambayoyi da zai bi ɗaya bayan ɗaya, ba'a bashi izinin taɓa saba ba, sau da yawa ko log ɗin baya iya gani. In ta gagare shi ya tura hawa na biyu, su kuma su tura na uku inda manyan suke. Shi ITIL ɗin kansa ya bambanta abu biyu sarai, akwai mayar da mutum bakin aikinsa yanzu-yanzu ta kowace hanya, akwai kuma binciken tushen matsalar don kar ta dawo. Amma da yake na farkon ne ake iya ƙirgawa a nuna wa oga a taron wata, sai kowa ya rungume shi a watsar da na biyun. Ana auna yaron nan da tikiti nawa, wato ƙorafin da aka shigar, ya rufe yau, minti nawa yayi a waya, ko ya wuce wa'adin da aka yi wa alkawari. In ya zauna awa biyu ya gano tushen matsalarka alƙalumansa sun lalace, in yayi maka fomat ya rufe tikitin kuma ka dawo sati mai zuwa, sabon tikiti ne, ya sake rufewa, a takarda ya zama gwarzo. Kai da kanka in aka sa ka a kujerar nan wata shida zaka fara cewa kawo ayi fomat. Ƙari akan haka albashin hawan farko ƙarami ne, duk wanda ya nuna yana da kai cikin shekara ɗaya ko biyu ya tsallake zuwa netwok ko tsaro ko kod, sai a kawo sabo a fara daga farko, kullum gaban teburin sababbi ne.

Mu kuma masu kod mun ƙara musu da namu. Mu ne muke rubuta saƙon ero, wato kuskure, mai cewa "wani abu ya faru, sake gwadawa", ba lamba ba dalili. Mu ne muke kama ero a cikin kod mu haɗiye shi shiru don kar manhajar ta faɗi a gaban oga, ba tare da mun rubuta shi a ko'ina ba. Mu ne muke sakin afdet da yammacin Juma'a mu canza wurin maɓallai bamu gaya wa kowa ba, Litinin da safe wayoyi suyi ta ruri a teburin IT su kuma ko ganin sabon sikirin ɗin basu taɓa yi ba. Ka tuna 19 ga Yulin 2024, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya saki wani ɗan fayil mai kuskure, Microsoft tace kwamfutoci kusan miliyan 8.5 suka faɗi da shuɗin sikirin, filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya. Injiniyoyin manhaja ne suka jawo, an tura wa kowa a lokaci guda maimakon a fara da kaɗan a gani. Waye ya gyara? waɗannan dai 'yan IT ɗin da ake zagi, suna bin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya suna shiga Safe Mode, yanayin gyara na Windows, suna goge fayil ɗin da hannu, wadda aka kulle faifanta da makullin BitLocker kuma sai an nemo lambobinta guda 48 an buga, wasu kwana sukayi a ofis.

Duk da haka akwai hali guda da bana yafe wa kowane mai taimako, shi ne ya ce maka "kai kaɗai ne kake samun wannan matsalar" alhali bai duba ba, ko ma ya san ƙarya ne. Kar ka ɗauka ƙaramin abu ne. A Burtaniya hukumar gidan waya ta kawo wata manhajar lissafi mai suna Horizon wadda Fujitsu suka gina, aka fara sa ta a rassa tun 1999. Manhajar tana nuna giɓin kuɗi da babu shi, masu riƙe da rassan su kira layin taimako a ruɗe, da yawansu sun bada shaida cewa abin da aka ringa gaya musu kenan, kai kaɗai ne. Akwai wata mata da ta bi umarnin layin taimakon mataki-mataki tana kallo giɓin ya ninka a gaban idonta. Yarjejeniyarsu kuma tace su zasu biya. Tsakanin 1999 da 2015 mutane sama da 900 aka yanke wa hukunci akan sata ko maguɗin lissafi, wasu sun shiga gidan yari, wasu sun rasa gidajensu, wasu sun mutu basu ga an wanke su ba. Sai a 2019, bayan Alan Bates, wani tsohon mai riƙe da reshe, ya jagoranci mutum 555 sun kai ƙara, babbar kotu ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakurai, a 2024 majalisa tayi doka ta soke hukuncin. Abin takaicin shi ne bayanan suna nan, kiran nan duk ana rubuta su, da akwai wanda aikinsa ne ya jera su yace jama'a rassa da yawa suna kawo kuka iri ɗaya fa, kuma manya suna son ji, da ba'a kai nan ba. Teburin taimako shi ne wurin da yafi ko'ina sanin inda manhaja ke ciwo, kuma shi ne wurin da ba'a tambaya.

Wani abin haushin kuma dokokin da aka gada ba wanda ya san dalilinsu. Canza fasawod duk kwana 90 misali. Hukumar NIST ta Amurka tun 2017 tace a daina tilasta wa mutane canza fasawod haka kawai sai in akwai alamar an sace, saboda abin da mutane keyi shi ne su ƙara 1 su mayar 2, ko su rubuta a takarda su manna a jikin sikirin. Microsoft ma ta cire shi daga shawarwarinta na tsaro a 2019. Amma har gobe zaka samu ofisoshi suna yi, kuma da yawa daga kiran da IT ke amsawa na mantuwar fasawod ne da su suka jawo wa kansu.

Sai dai ba duk takurawar bace ta banza. Tambayoyin nan da suke maka kafin su canza maka fasawod ta waya, har kaji kamar ana tuhumarka, akwai dalili. A Satumbar 2023 aka kutsa kamfanin otal-otal na MGM a Amurka, kuma yadda aka ruwaito maharan waya suka buga wa teburin taimako suka yi kamar su ma'aikaci ne, kamfanin da kansa yace abin ya ci masa wajen dala miliyan 100. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ɗan IT mai saurin tausayi babbar tsaga ce.

Abin da zakayi kai yanzu, tunda kana koyon kod, ka fara nuna halin injiniyan a tikitinka. Kar ka rubuta "intanet baya yi" ko "kwamfuta ta lalace". Rubuta abin da kake ƙoƙarin yi, abin da ka danna, abin da ya fito harafi da harafi ko ka ɗauki hotonsa, ƙarfe nawa ya faru, tun yaushe ya fara, me ya canza kafin nan, ko na kusa da kai ma yana samu, da abin da ka riga ka gwada. In kayi Restart ka faɗa musu kayi kuma ga abin da Task Manager ya nuna. Zakayi mamakin yadda irin wannan tikitin yake tsallake hawan farko da kansa, don yaron yana karantawa zai ga takardar tambayoyinsa ta ƙare. In matsalar ta dawo kar ka bari a buɗe sabon tikiti, kace a sake buɗe tsohon ko ka jero lambobin na baya a ciki, ka rubuta a fili cewa wannan karo na kaza ne kuma kana neman a binciki dalili. In sukace fomat ka tambaya cikin ladabi me suke zargi, kuma a kwafe log ɗin Event Viewer, inda Windows ke nuna su, kafin a goge. Kuma don Allah kar ka shiga da ɗagawa kana nuna musu ka fi su sani, wanda ka raina yau shi ke riƙe da akawun ɗinka gobe, bayan haka ma mu masu kod mun fi kowa wahalar sha'ani a wurinsu, mu taɓa saitin da bamu gane ba mu lalata sannan muce bamu taɓa komai ba.

Batun admin kuwa ina bayansu. Kwamfutar ofis ce ba taka ba, tana haɗe da faifan da albashi da bayanan mutane suke, kuma mai koyon kod shi ne daidai mutumin da zai kwafo umarni daga intanet ya liƙa a taminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, bai san me yake yi ba, ko ya sauke fakej, wato ƙunshin kod, daga rumbunan npm ko PyPI mai suna kusan iri ɗaya da na gaske alhali tarko ne, irin wannan yana faruwa sosai. In kana da admin duk abin da ka kunna shima yana da admin. In kod ɗin yana cikin aikinka to kabi ta wurin ogan ka a rubuce, ka jera ainihin abin da kake buƙata, Git da Python da VS Code misali, su saka maka, ko su kunna maka WSL, wato Linux a cikin Windows, ko su baka kwamfutar bogi ta cikin kwamfuta wadda in ka rusa ta a goge a sake, wasu wuraren ma suna bada admin na ɗan lokaci da yake ƙarewa da kansa. VS Code yana da nau'in da ake sakawa ba sai da admin ba, Python ma haka, amma ka tambaya tukunna don a wasu ofisoshin yin hakan ma karya doka ne. In kuwa koyon naka ne na kanka bai shafi aikin ofis ba, ka nemi tsohuwar laftop ka sa mata Linux ka ringa lalatawa kana gyarawa a can.